Ranar da Serah Mai Hoto Ta Ɓare Leda a Kado

Duk wanda ya saba hawa mota daga Jikwoyi da safe ya san Serah, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeriyar matar nan mai faɗin kafaɗa da ke rungume baƙar jaka a ƙirji kamar jinjiri. In kwandasta ya ce ta kawo a sa a but ɗin mota, sai ta ce masa shi ya fara shiga but ɗin tukuna. Kyamara ce a jakar, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan da ita ake ɗora tukunya a gidanta.

'Yar Zonkwa ce. Aure ya kawo ta Abuja, lokacin Jikwoyi rabi gari ce rabi gona. Mijinta Leonard mai hoto ne, irin waɗanda ke tsayawa a ƙofar wuraren biki da taro, su ɗauki mutum yana shiga, kafin ya fito an wanko hoton an baza a ƙasa an danne da duwatsu. Ita kuwa kifi take sarowa a kasuwar Kado ta soya a bakin titi. 'Yarsu ɗaya, Prudence, wadda yanzu take karatun aikin jinya a Jos. Ana cikin haka hawan jinin ido ya kama Leonard. Duniya ta yi ta tsukewa a idonsa, har ya koma kamar mai leƙe ta ramin makulli. Daga baya ramin ma ya rufe.

Dangi suka ce a sayar da kyamara a koma gida. Dangi dai ba sa rasa shawara in ba su za su ɗauki nauyin ba. Serah ta kife kaskon suya, ta ce mijinta ya koya mata. Da hannu ya koya mata, yatsansa a kan yatsanta: nan ake ƙara haske, nan ake jawo mutum kusa, kada ki tsaya rana tana dukan idon kyamara. Maza masu hoto a ƙofofin biki suka yi mata dariya son ransu. Wai mace ba ta iya turereniya, wai zane zai harɗe ta ta faɗi. Ta sayi wando, ta koyi aiki da gwiwar hannu. Biyu daga cikin masu dariyar nan yau keke napep suke tuƙawa a Karshi. Ita tana nan.

Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka idon kyamara ne kaɗai abin tattali. A wurin irin su Serah, ɗan gilashin nan na baya, wanda hoto ke fitowa a kansa, shi ne shago. Faɗinsa bai kai tafin hannu ba, amma a nan ake ciniki. Ki ɗauki mace, ki juya mata, ita da ƙawayenta su haɗa kai su kalla. In ta yi murmushi an daidaita, in ta yatsine fuska kin yi aikin banza. To gilashin kyamarar Serah yana da rauni. A shekararsa ta ƙarshe ta aiki, Leonard bai ga wata matakala ba, ya faɗi, gilashin ya tsage daga kusurwar ƙasa, tsagi siriri kamar gashi. Sai ya manna masa ledar kariya, wadda masu waya ke kira sikirin gad, ledar ta riƙe tsagin bai ƙara gaba ba. Tun ranar ba a sake taɓa ta ba. Gumi da farce da zafin rana na shekara da shekaru suka mai da ita ruwan ɗorawa, ta dushe, ta cika da zane-zane. Serah ta saba, ba ta ma lura.

Abin da take lura da shi gwiwoyinta ne, da kuma kasuwa. Hoton ƙofa ya mutu. Kowa da wayarsa, har tsofaffi sun iya miƙa hannu su ɗauki kansu. Sai ta wuni a rana ta dawo da hotuna rabin jaka ba wanda ya karɓa. Ta san sarai in ba ta samu shiga cikin gidaje ba, saura kaɗan ta koma kaskon kifi da furfura a kai.

Shi ya sa da Hajiya Hajjo ta kira ta ofis ranar wata Talata, ko karyawa ba ta tsaya yi ba. Hajiya Hajjo darakta ce a wata ma'aikatar tarayya. A bikin sallamar wani ma'aikaci ta ga Serah tana aiki, ta karɓi lambarta.

"Madam Serah, jibi Alhamis za a sa wa 'yata Kauthar lalle a gidana a Kado. Mata ne zalla. Ko direba ba na so ya leƙo."

"To, Hajiya."

"Ki saurara da kyau. Bara a bikin 'yar Rakiya, ƙanwata, mai hoton da aka ɗauko ya sa hoton amarya ba ɗankwali a intanet, wai tallar aikinsa yake yi. Da ƙyar aka shawo kan dangin ango. Tun daga nan Rakiya ba ta ƙara yarda da mai hoto ba. Don haka a gefenki za ta tsaya. Duk abin da kika ɗauka sai ta gani a take. Wanda ta ce a goge, a goge. Kin yarda?"

"Na yarda, Hajiya."

"In kika yi mana yadda muke so, kin daina tsayuwa a rana. Mu tara ne a ƙungiyarmu, kowa da 'ya'ya mata." Ta miƙa hannu ta juyo kyamarar da ke rataye a wuyan Serah, ta gyara zaman tabarau, ta kalli gilashin bayan, ta yamutsa fuska. "Wannan kuma fa? Kamar an shafa masa man ja. Rakiya ba za ta ga komai a nan ba. Ki gyara shi kafin jibi."

Gida tara. Duk tsawon hanyar Nyanya kalmar nan ce ke yawo a kan Serah. Amma da ta isa gida ta faɗa wa Leonard, sai ya ajiye rediyonsa ya juyo da fuska wajen muryarta.

"Kada ki bari a ɓare ledar nan, Maman Prudence."

"An ce ba a ganin komai."

"Ni na manna ta, na san abin da ke ƙasa. Ita ke riƙe da gilashin. In aka ɗaga ta, shi ke nan."

"To in koma in ce wa darakta mijina ya ce ta ƙara ƙarfin tabarau?"

"Ki goge da tsumma mai laushi."

"Na goge har hannuna ya gaji. Kai da rabonka da ganinta shekara goma sha ɗaya, ina ka san yadda ta koma?"

Maganar na fita ta so ta kamo ta, amma ta riga ta fita. Leonard ya shafa gwiwarsa.

"Gaskiya ne," ya ce. "Ban gan ta ba." Can ya ƙara da cewa, "In dai ya zama dole, fara ƙal za ki sa, siririya. Kuma ki tsaya a kan mai sawa, kada ki ɗauke ido."

Laraba ta ƙare a yawo. Shago bakwai ta shiga a Nyanya da Karu, kowa ya ce kyamarar tsohuwa ce, an daina kawo ledarta. Sai wani ya ce ta je Gudu ta nemi Friday, yana da na'urar da ke yanka leda daidai kowane gilashi.

Ranar Alhamis ƙarfe biyu aka ce ta kasance a Kado. Ta fito da wuri, amma wata tirela ta lalace a gangaren Kugbo, aka yi cirko-cirko awa biyu da rabi. Sha biyu ta gota kafin ta sami teburin Friday a Gudu, ƙarƙashin wata lema, tsakanin mai sayar da caja da mai gasa masara. Mutum ne da ya kai arba'in, da ƙaton agogo da farcen ɗan yatsa dogo. Hausarsa irin ta kasuwar Abuja ce, mace da namiji duk ɗaya.

"Madam, ka zo daidai wuri. Ba gilashi da ya fi ƙarfina."

"Ba waya ba ce, kyamara ce. Kuma a tsage take a ƙasa. A hankali za ka yi."

"Waya, kyamara, agogo, duk abu ɗaya ne. Zauna."

Ba ta zauna ba. Ta tsaya a kansa kamar yadda aka ce mata. Ya sa reza ya ɗaga bakin tsohuwar ledar, yana hira da mai caja a kan ƙwallo, ya fizge ta kamar mai ɓare filasta. Serah ta ji wani ɗan ƙara, ƙis, har cikin haƙoranta. Tsagin da ya yi shekara goma sha ɗaya a kwance ya miƙe, ya ƙara tsawon gaɓar yatsa.

"Kai! Na ce maka a hankali!"

"Ba ni ba ne o, Madam. Dama yana nan. Leda ne ya ɓoye."

Ta kunna kyamarar. Hoto ya fito, garau, irin hasken da ta manta kyamarar tana da shi. Ta sauke numfashi.

Friday ya jera mata kaya uku a tebur. Na farko farar leda siririya, irin wadda Leonard ya ce. Na biyu gilashi ne mai tauri, ya ce shi ba ya yankuwa, a manta da shi. Na uku leda ce mai kauri, da ɗan duhu-duhu in an ɗaga ta sama.

"Fara nake so," in ji Serah.

"Fara?" Ya kaɗa ta a iska tana lanƙwashewa. "Duba fa. Wannan zai riƙe tsagi? Kwana biyu ka dawo kana kuka. Ina za ka yi aiki yau?"

"Gidan wata darakta a Kado."

"Ka gani! Gidan oga za ka, kana neman kayan 'yan makaranta. Wannan mai kauri shi manya ke sawa. Duk 'yan ma'aikata shi suke saya a wurina. Zai danne tsagin nan ya zauna daram."

Ta kalli farar, ta kalli tsagin da ya ƙaru a gaban idonta, ta kalli ƙaton agogonsa. Ɗaya saura kwata. Maganar Leonard tana kunnenta, amma Leonard bai ga yadda tsagin ya miƙe ba. Ta nuna mai kaurin.

Na'ura ta yanka, Friday ya manna, ya bi da kati yana korar iska. "Amma in gaya maka gaskiya," ya ce, "gam ɗinsa yana da ƙarfi. Kada kowa ya sake cirewa. In aka cire, gilashi zai biyo shi, fuskar zai mutu." Ya ƙara wa kyamarar haske, ya miƙa mata. Ta ɗauki hoton mai gasa masara, ta kawo kyamarar saitin fuskarta ta duba. Har ƙwayoyin masara ana ƙirgawa. Ta sa a jaka ta ruga neman mota.

Abin da Friday bai faɗa ba, don a ganinsa ko yaro ya sani, shi ne dalilin da ya sa manyan nasa ke sayen wannan leda. An yi ta ne don mai waya shi kaɗai ya ga abin da ke ciki. Wanda ke saiti ya gani tar, wanda ke gefe ya ga baƙi ƙirin. Don Allah a duba: mace ta kawo maka kyamara, ta ce maka mai hoto ce, amma ko sau ɗaya ba ka tambaye ta su wa ke kallon gilashin nan ba. Ita kuma da ta shekara goma sha ɗaya tana nuna wa mutane hoto ta gefe, ranar ba ta karkata kai ko sau ɗaya ta gwada ba. Hankalinta duk yana kan tsagi da agogo.

Ƙarnin kifi ya tarye ta a Kado kamar tsohon maƙwabci. Shekara nawa ta yi tana zuwa unguwar nan, amma kullum iyakarta kasuwa. Yau mai gadi ya duba sunanta a takarda ya buɗe mata ƙofa.

Falon a cike yake da mata, ƙamshin turaren wuta da na lalle, kiɗa yana tashi a hankali. An tuɓe mayafai an jibge a kan kujera ɗaya. Wasu sun cire har ɗankwali saboda zafi, kitso sabo fes. Amarya Kauthar tana zaune a kan darduma a tsakiya, ƙafafu a miƙe, hannuwa a shanye, mai lalle tana zana mata. Fiye da rabin matan hannuwansu a sama suke, lalle bai bushe ba.

Wata doguwar mace siririya, ita kaɗai ce da mayafi a jiki, ta taso ta tsaya a kafaɗar hagun Serah.

"Ke ce mai hoton? Ni ce Rakiya. Yaya ta yi miki bayani?"

"Ta yi, Hajiya."

"To bismilla."

Serah ta durƙusa ta ɗauki amarya. Hoton ya yi kyau har sai da zuciyarta ta yi sanyi: hasken taga a kumatu, zanen lalle fili-fili. Ta miƙe ta ɗan karkata kyamarar kamar yadda ta saba.

"Ga shi, Hajiya."

"Ina?"

"Ga shi nan."

"Ni baƙi nake gani. Kin kashe ne?"

"A kunne take, Hajiya, ga amarya nan."

Ta juya mata kyamarar gaba ɗaya. Rakiya ta gani. Sai ta kai kanta gefe a hankali, ta dawo da shi saiti, ta sake kaiwa gefe. Sau biyu ta yi haka. Serah ta bi ta da kallo, ita ma ta karkata kai, ta ga hoton ya nutse cikin duhu.

"A kashe kiɗan nan," in ji Rakiya. Ba ta ɗaga murya ba, amma aka kashe. "Na san wannan ledar. Ita 'yan ofis ɗinmu ke sawa a waya don kada na kusa ya ga abin da suke yi. Baiwar Allah, an ce miki zan tsaya a gefenki in duba, sai kika je kika sa abin da zai hana na gefe gani. Me kike shirin ɗauka?"

Falon ya hargitse. Masu busasshen hannu suka yi kan tarin mayafai. Masu ɗanyen lalle suka rasa yadda za su yi, wata tana jan gyale da gwiwar hannu, wata da haƙori. Kauthar ta sunkuyar da kai tana cewa: "Anti, a rufa min kai, don Allah a rufa min kai." Wata daga baya ta ce a karɓe kyamarar. Wata ta ce a kira mai gadi.

Hajiya Hajjo ta fito daga kicin. Rakiya ta yi mata bayani a taƙaice, ta nuna mata. Serah ta ce, "Hajiya, ke kika ce in canza. Yau da rana aka sa min a Gudu. Wallahi ban san haka take ba."

"Cewa na yi ki gyara a gani," in ji Hajiya Hajjo. "Ban ce ki sa abin da zai hana gani ba."

"Zan riƙa juya mata kowane hoto saitin fuskarta."

"Kafin ki juyo fa?" in ji Rakiya. "Ki ɗauki uku ki nuna min ɗaya? Yaya, a sallame ta. Ta cire katin ta ba ni, ta tafi. Mun gani bara, ba za mu sake gani ba."

Abin haushin shi ne matar ba ƙarya ta yi ba. Da Prudence ce zaune a kan dardumar nan kai a buɗe, Serah da kanta sai ta fi haka tsanani. Amma sanin haka bai rage mata zafin da ke cin ƙirjinta ba. Ita da ko hoton wanda ya bugu da giya ba ta taɓa wankewa ba don kada ya ji kunya washegari, yau ita ake wa kallon ɓarauniyar mutunci. Kuma ta san yadda labari ke tafiya. Kafin la'asar gida taran nan sun ji cewa wata mai hoto daga Jikwoyi ta shigo cikin mata da gilashin ɓoye-ɓoye. Ba aikin yau kaɗai za ta rasa ba, ƙofar ce za ta rufe gaba ɗaya.

Hajiya Hajjo ta buɗe baki za ta yi magana. Serah ta ga abin da za ta faɗa a fuskarta.

"Hajiya Rakiya," ta ce, "ara min fil ɗin mayafinki."

"Me za ki yi da shi?"

"Cire ledar zan yi. Amma ki sani, gilashin da ke ƙasa a tsage yake. Wanda ya sa min ya ce in aka cire, fuskar za ta mutu. Kyamarar nan ita kaɗai gare ni, mijina ba ya gani, da ita muke ci. Ki matso ki tsaya a nan, ki gani da idonki."

Rakiya ta dube ta. Sannan ta zare fil ɗin ta miƙa mata.

Serah ta zauna a ƙasa, ta ɗora kyamarar a cinya, hoton Kauthar yana kai. Ta goge gumin tafin hannu a wando. Ta fara daga kusurwar sama, nesa da tsagin, kamar yadda take tsammanin Leonard zai yi. Fil ya shiga. Ledar ta ƙi, gam ɗin ya riƙe gam. Ta danna gilashin da babban yatsa, ta ja da ɗayan hannun, kaɗan-kaɗan, kamar mai cire ƙaya daga kifi. Kwata ta ɗagu. Rabi ta ɗagu. Gumi ya gangaro mata cikin ido, ba ta da hannun sharewa.

Da ta iso kan tsagin ta tsaya. In ta bar shi haka, leda rabi a ɓare, ba ta yi komai ba. Ta ce, "Yesu, ka taimake ni," ta ja.

Ƙis.

Wani baƙi kamar tawada ya ɓullo daga kusurwar ƙasa. Ya fara kamar ƙwayar wake, ya bazu, ya cinye ƙafafun amarya, ya haura kan darduma. Wata ta ce, "Innalillahi." Serah tana zaune tana kallon abincin gidanta yana nutsewa. Baƙin ya kai girman goro, ya ɗan ƙara, sannan ya tsaya. Ta jira. Bai motsa ba. Fuskar Kauthar tana nan, hannuwanta suna nan, hasken taga yana nan.

Ta ɗaga kyamarar sama da hannu biyu, ta juya ta hagu, ta juya ta dama.

Wata tsohuwa da ke can ƙarshen kujera, kakar amarya, ta miƙa wuya. "To ga shi har ni daga nan ina gani," ta ce. "Sai dai amaryar taku ba ta da ƙafa. Da me za ta taka zuwa gidan miji?"

Dariya ta ɓarke, har Kauthar da hawaye a fuska. Rakiya ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki ledar daga ƙasa, ta ɗaga ta wajen taga, ta juya ta, ta ajiye a kan tebur. Ta karɓi fil ɗinta ta mayar.

"Tashi ki ci gaba," ta ce. "A kunna kiɗa."

Haƙuri? Ba ta bayar ba. Ko kalma ɗaya. Mutum ya fasa abin sana'arsa a gabanki don ya wanke kansa, amma bakinki ya yi nauyin cewa sannu. Haka ta tsaya a kafaɗar Serah har bayan la'asar, tana duba hoto ɗaya-ɗaya. Ta sa aka goge shida. Serah kuwa ta koma leƙawa ta ɗan ramin da ke saman kyamarar kamar yadda Leonard ya fara koya mata, tana ja da baya taku ɗaya don ta tabbata ƙafafu sun shiga, tunda ba ta ganinsu a gilashin. Allah ya taimake ta hannuwan yawancin matan lalle ne, ba wadda ta dangwala yatsa a gilashin.

Sai da tana sa kyamara a jaka Rakiya ta yi magana, idonta a kan wayarta. "Asabar ta sama akwai suna a gidan ƙawata Nabilah, a Gwarimpa. Na ba ta lambarki. Ƙarfe goma. Kada ki makara."

Washegari da safe Serah ta ɗora wa Leonard kyamarar a cinya. Ya juya ta, ya bi gilashin da babban yatsa. Yatsan ya sami tsagin, ya bi shi tun daga kusurwa har tsakiya, ya tsaya.

"Ba leda," ya ce.

"Babu."

"Ya mutu?"

"Ƙafafu kawai ya ci."

Ta ba shi labari duka, har da inda ta ƙi jin maganarsa. Bai ce ai na faɗa miki ba. Ya ce ta je bakin titi ta sayo farar ledar waya, mafi sauƙi, da sabuwar reza. Ta auna da takarda ta yanka da kanta. Shi ya manna, yana korar iska da yatsa daga tsakiya zuwa gefe, a hankali, har ya wuce kan tsagin bai ji ƙara ba.

"Je ki tsaya can bakin ƙofa," ya ce, ya ɗaga kyamarar. "Kina gani?"

"Ina gani."

"Koma wajen randa. Yanzu fa?"

"Ina gani, Baban Prudence."

Ta koma Gudu sati na gaba, ta dire wa Friday baƙar ledarsa a tebur, ta faɗa masa abin da ya jawo. Mutumin nan ko kunya babu, ya ce, "Ai na gaya maka kada ka cire." Serah ta yi kansa, mai gasa masara ce ta riƙe ta.

Shekara biyu ke nan. A cikin gida taran nan ta shiga bakwai, kuma rabonta da tsayuwa a ƙofar biki har ta manta. Baƙin tabon yana nan a kusurwa, bai ƙaru ba bai ragu ba, don an nemi gilashin tsohuwar kyamarar har Legas ba a samu ba. Duk gidan da ta shiga, kafin ta ɗauki kowa sai ta kunna kyamara ta ɗaga ta sama, ta juya hagu, ta juya dama, ta tambayi wadda ta fi kowa nisa ko tana gani. In Hajiya Rakiya tana wurin, har yau a kafaɗarta ta hagu take tsayawa.